Tambayi Bakanike: Ɗana ya ƙi fili, wai shi babur

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana na fari yana da shekara 24, tela ne a Kasuwar Dole. Shekara 3 yana zubin adashi har ya tara jaka 500. Kawunsa ya samo masa ɗan fili a bayan gari, ta hanyar Tanut, yaron nan ya kafe wai shi babur zai saya. Kuma ba kabu-kabu zai yi da shi ba balle in ce neman kuɗi ne. Na yi faɗa, na yi lallashi, duk a banza. Ɗan maƙwabciyata ya faɗi bara, har yau da ɗingishi yake tafiya. Don Allah me ke cikin ƙarfen nan da yake ɗauke wa maza hankali haka?
Daga wata uwa, unguwar Birni, Zinder

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana shi, ya sa masa albarka.

Bari in fara da ba kawunsa gaskiyarsa, don kada a ce bakanike yana kare tuwonsa. In lissafi za a bi, fili ya fi. Fili yana kwance yana ƙara daraja, babur kuwa ranar da aka fitar da shi daga shago aka ɗura masa mai, ranar kuɗinsa ya fara zagwanyewa. Shekara 30 da ɗoriya ina kwance injina ina ɗaurawa, ban taɓa ganin wanda ya sayar da tsohon babur ya ci riba ba, sai dillali.

Amma ba wannan kika tambaye ni ba. Kin tambayi abin da ke cikin ƙarfen, ni kuma ciwon da ke damun ɗanki ya kama ni tun ina ɗan shekara 16, har yau ban warke ba.

Ina yaron gareji a Zango, wata Lahadi maigidana ya miƙo mini makullin wata tsohuwar Yamaha Mate, ya ce in kai wa wani mai lambu saƙo a Mirya, ranar kasuwa ce. Kilomita 18 ne kacal. Kafin ranar na je Mirya ya fi sau goma, amma kullum a bayan mota, an matse ni tsakanin buhun gero da akuyar wani, kuma sai mun yi zaman jiran mota ta cika. Ran nan babu wanda na jira. Na taka, ta tashi, na kama hanya. Ina wuce duwatsun bakin gari iska ta cika mini riga. Da na kusa lambunan Mirya sai na ji sanyi ya doki ƙirjina, sanyin ƙasa mai ruwa, da ƙamshin albasa da ɗanyen ganye, abin da ban taɓa sanin yana kan hanyar nan ba. A mota ana ɗauke mutum daga wuri a sauke shi a wani wuri. A kan babur kuwa duk abin da ke tsakanin wuraren biyu sai ya taɓa jikinka. Na tsaya ƙarƙashin wata kuka ba don komai ba, sai don in tabbatar wa kaina cewa in na ga dama ina iya tsayawa.

Wannan tsayawar ita ce rabin amsarki, Hajiya. Ki duba rayuwar ɗanki. Daga safe zuwa magariba yana kan keken ɗinki, mai kaya na tsaye a kansa, ana gobe Sallah ko barci ba ya yi. In zai tafi gida sai ya tsaya bakin hanya yana ɗaga wa ɗan kabu-kabu hannu, a yi cinikin dala 40 ko 50. In zai je gaida wadda yake nema, sai ya roƙi abokinsa aro, abokin kuma ya ce ya dawo kafin isha'i, kuma kada ya manta da mai. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Saurayin da ke da makulli a aljihu shi ke yanke lokacin tashinsa da lokacin dawowarsa, kuma ga wanda duk yininsa a hannun wasu yake, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Fili ba zai ba shi wannan ba sai nan da shekara goma, in ya samu na gini.

Sannan garin namu kansa garin babur ne. Ke da ke zaune a Birni kin fi ni sani, akwai lungunan da mota ba ta shiga, ko ta shiga ba ta iya juyawa. Unguwannin bayan gari kuma rairayi ne, ƙaramar mota sai ta kafe ana turi. Ga matsalar ruwa da muka gada kaka da kakanni. Lokacin zafi in famfo ya ɗauke kwana uku, wa ke ceton gida? Yaron da zai ɗaura bido biyu na lita 25 a bayan babur ya tafi inda ruwa yake. Injin 125 mai lafiya yana cin kusan kilomita 40 da lita ɗaya, wato Mirya zuwa da dawowa. Matatar mai ta SORAZ tana nan arewa da mu tun 2011, amma kowa ya san da man kwalba na ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da man da ake shigowa da shi daga Najeriya, garin nan ya daɗe yana tafiya. Da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kwalba ta yi tsalle, alhazai biyu da na sani suka rufe motocinsu da tampol, suka zo in raka su zaɓen babur. Ɗayansu ya daɗe yana kiran masu babur ƴan iska. Yanzu da babbar rigarsa yake hawa, ya tattare ta a cinya.

Ba a san girman abin ba sai an rasa shi. Da aka hana hawan babur a jihar Diffa a 2015 saboda Boko Haram, ba ƴan kabu-kabu kaɗai suka ji a jikinsu ba. Mai kai barkono kasuwa, mai kai mara lafiya likita daga ƙauye, malamin lakwal da ke koyarwa a daji, mai faci, mai sayar da mai, duk abin ya taɓa su. Wasu yaran har garejina suka zo neman aiki. Kano ma ta hana acaɓa a 2013, shi ya sa adaidaita-sahu ta cika musu gari. Kuma ba mu kaɗai ba ne da wannan so: ƙaramin babur ɗin nan na Honda da ake kira Super Cub, wanda aka fara ƙerawa a Japan a 1958, zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100.

Ɗaya rabin amsar kuwa, ki je ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan Sallah ki kalli idon yara maza in dawaki sun zo a guje sun yi turjiya. Mu jikokin mahaya ne. Doki yanzu sai mai hali, ga dawa ga ciyawa ga mai kula da shi. To ɗan talaka ya samu nasa dokin wanda ba ya cin komai in yana tsaye. Ki lura da yadda suke yi masa ado: geza a hannu, darduma a kan kujera, rubutun habaici a bayan taya, wani ma ledar kamfani sai ta shekara bai cire ba. Yadda kakanninmu suka yi wa doki jalala da linzami mai kyau, haka ne, ba bambanci. Ana wanke shi da safe kafin a wanke fuska. Na san wanda ke shigar da nasa ɗaki ya kwana, shi kuma ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

Akwai kuma abin da ban cika faɗa ba don kada a yi mini dariya. In raina ya ɓaci, ko bashi ya yi mini yawa, nakan hau in kama hanyar Takeita bayan la'asar. Mai tuƙa babur ba shi da sararin tunanin bashi. Ido na kan rami, kunne na kan ƙarar inji, ƙafa na kan giya, jiki kuma yana kwantawa a kwana da kansa ba tare da an umarce shi ba. Kafin in dawo kaina ya yi sauƙi. Matata ta ce da ma wanke-wanke nake kama mata, shi ma yana kore tunani.

To yanzu ga ɗacin. A 2004 ina dawowa daga Magarya da yamma, akuya ta ratso, na damƙe birkin gaba a kan rairayi. Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Karaya a kafaɗa, kwana 40 a hannun mai ɗori, kuma har yau in hunturu ya shigo kafaɗar nan ce ke fara gaya mini. Abin da ya raba ni da kabari ranar hular kwano ce, wadda na sa don ƙura kawai, ba don hankali ba. Ta tsage gida biyu. Tana rataye a gareji, duk yaron da ya zo koyon aiki ita nake fara nuna masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular, in an ɗaura igiyarta, tana rage haɗarin raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100. Tsoronki yana kan hanya, Hajiya. Mai mota in ya yi kuskure ƙarfe ne ke lotsewa, mai babur kuwa ƙashinsa ne. Amma kuma in gaya miki gaskiya, ina kwance an ɗaure ni da karare, lissafin ranar da zan sake hawa nake yi.

Shawarata, kada ki hana shi. Namiji mai shekara 24 da ya yi haƙurin adashin shekara 3 ba sakarai ba ne, kuma in kin hana shi na kansa, na aro zai hau, wanda bai san lafiyar birkinsa ba. Ki sayar masa da yardarki da tsada. Hula mai kyau a saye ta rana ɗaya da babur, daga cikin kuɗin, ba wai sai an samu ba. Ya yi parmi da takardu. Ya yi miki alkawari, hannunsa cikin naki, cewa ba zai shiga gudun ɗaukar amarya ba, don yawancin yaran da aka kawo mini baburansu a murɗe daga can suka fito, ana ɗaga taya ana sakin hannu don ƴan mata su yi guɗa. Ya nisanci abokan da ke shan tramol. Kuma ki ce wa kawunsa kada ya yi fushi, ya sa shi ya shiga sabon zubi don sayen fili tun watan nan. Abin da yake ba ƴan kabu-kabu kullum, in an cire kuɗin mai, ya isa ya fara.

In ya saya, ki turo mini shi wata Juma'a da safe in kai shi fili mai rairayi in koya masa abin da akuya ta koya mini.

TAMBAYA: Ni malamar lakwal ce, aikina na da nisa da gida. Ina so in sayi ƙaramin babur amma dangin mijina na cewa bai dace da mace ba. Mijin kansa bai hana ba.
Daga wata malama, Sabon Gari

AMSA: Malama, tunda maigida ya yarda, magana ta ƙare. Su dangin ba sa ganin komai in kin hau bayan baƙon namiji ɗan kabu-kabu safe da yamma? A Yamai mata na tuƙawa, a Wagadugu kuwa har da goyo da kwandon kasuwa. Abin da nake ji miki tsoro shi ne hijabi da zane. Dogon hijabi in ya sauka sarƙa ko wayoyin tayar baya suka kama shi, ta wuya yake jan mutum, kuma na sha kwance yadi daga cikin taya da almakashi. Ki tattare shi ki zauna a kai, ki sa wando a ciki, ki zaɓi babur mai buɗaɗɗen tsakiya wanda sarƙarsa ke rufe. Hular kwano tana zama daidai a kan hijabi, kada wani ya ce miki ba ta zama.

TAMBAYA: Me ya sa samari ke cire madubi da zarar sun sayi sabon babur?
Daga wani dattijo, Garin Malam

AMSA: Baba, wai madubi na sa babur ya yi kama da na tsofaffi. Wasu kuma su fasa salansa don a ji zuwansu tun daga nesa, inji ya riƙa cin mai yana ƙona buji. Akwai kwali guda a garejina cike da sababbin madubai da aka bar mini kyauta. Duk mai so ya zo, ɗaurawa ma ba na karɓar ko dala.