Amsa: Bambancin milimita 0.1 a injin tsaga katako, a bari ko a kwance?

Wallahi ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce ka auna tsakanin faifan zarto da ramin da ke kan tebur, gaba da baya sun bambanta da milimita 0.1, har kana shirin kwance injin. Kar ka taɓa shi. Kaurin takarda ɗaya ke nan fa. Daga 0.05 zuwa 0.1 lafiya lau ne, ko aikin ƙofa ko na kabad.

Amma ban ji ka ambaci fens ba, wato jagoran nan na gefen zarto da katako ke bi in ana tsagawa, kuma shi ne ya kusa aika ni lahira. Na kira wani mai gyara ya canza min boris, ya karɓi kuɗinsa cas, ya saita komai da ido ya tafi. Ashe ya bar bayan fens ya matso wajen zarto da kusan milimita ɗaya. Gefen katako ya riƙa fitowa baƙi, yana warin ƙuna, ni kuma ina zargin zarto ne ya dakushe, har sabo na saya. Ranar nan ina tsaga maɗaci, katakon ya matse tsakanin fens da haƙoran baya, kafin in ƙifta ido injin ya cillo shi ya doke ni a haƙarƙari. Zaman dirshan na yi a cikin dusar katako, numfashi ya ƙi fita, yarana suka yi cirko-cirko. Sati biyu ruku'u yana gagara ta. Da na kira mutumin, buɗar bakinsa sai ya ce, "Ai haka inji yake, Oga." Ko sannu babu! Har yau in na hango shi sai raina ya ɓaci.

To fens ko dai ya tafi daidai da zarto, ko bayansa ya buɗe da kamar 0.1, kar ya wuce 0.4. Ya matso ciki kuwa, ko na gashin kai ban yarda ba.

Kuma wajen awon faifan, haƙori ɗaya za ka sa wa alama da alƙalamin maka, ka auna shi a gaba, ka juya faifan ka auna shi ɗin dai a baya, don faifai kan ɗan karkace. Ka goge dusar da ke bayan woshar da ke matse faifan, ita ma tana ruɗa awo. Don Allah ka zare filogi tukuna, ana iya kawo wuta hannunka na kan haƙori.

Ni har dariya nake wa masu bin 0.01. Falankin da ka tsaga da damina, hunturu na zuwa zai tsuke fiye da haka nesa ba kusa ba.

Auna fens ɗin gobe da safe, ka zo ka faɗa mana abin da ka samu.