Kilomita 14 ɗin gaskiya ce, ruwan ne ba a gaya maka ba

Salisu ƙanena, na saurari saƙonka. Ka ce an gaya maka tsakanin Moroko da Sifaniya kilomita 14 ne kacal, kai kuma da ka saba ƙetare Kogin Haɗeja a Ringim da damina, ko jirgin roba ya ishe ka. Nisan kam haka yake. In gari ya yi wasai, daga Tarifa, garin da ke bakin teku a ƙarshen kudancin Sifaniya, ina hango duwatsun Moroko ƙuru-ƙuru.

Amma koginmu gefe guda ya sa gaba. Mashigin Jibraltar kuwa, wato ruwan da ya raba Moroko da Sifaniya ya haɗa Tekun Atlantika da Bahar Rum, kamar koguna biyu ne, wani a kan wani. Rana tana shanye ruwan Bahar Rum fiye da abin da sama da koguna ke zuba masa, sai ruwan Atlantika ya riƙa kwararowa ta sama, ya nufi gabas. Na Bahar Rum, da yake gishiri ya ƙara masa nauyi, ta ƙasa yake sulalewa yamma. Ga wata yana jan teku, ta cika ta janye sau biyu a rana, kusan duk awa 6 ruwan ya canza hali. Can ƙasa akwai wani tudu a zurfin kusan mita 300. In ruwa ya hau kansa da ƙarfi sai ya tayar da igiyoyi a cikin ciki, kana sama ba ka san abin da ke murɗa ka ba.

Sai iskar gabas, Lebante suke ce mata. Tana iya kwana da kwanaki tana busawa, tana karo da ruwan da ke tahowa, igiya ta miƙe tsaye. Masuntan nan, da aka haifa a bakin ruwan, ranar ɗaure jiragensu suke yi.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne in inji ya mutu. Ruwa ya kwashe ku gabas, ya zuba ku Tekun Alboran, wato farkon Bahar Rum, inda yake juyawa kamar guguwa mai faɗin gaske. Gaɓar da kuke hange ta ɓace, ruwan sha ya ƙare, ga sanyi, ga manyan jiragen dakon kaya da ba sa ganin ƙaramin jirgi da dare.

Don Allah kada ka taɓa fadamar Baba. Turo min hoton sakamakon jarrabawarka ta sakandare, mu bi ta neman makaranta da biza, ko da za a daɗe. Ka gaishe min da Inna.