Na'urar ƙwaƙwalwa ba ta tayar da wanda jikinsa ya shanye

Tambaya: Na gama karatun injiniyan lantarki, ina son shiga aikin haɗa ƙwaƙwalwa da kwamfuta saboda mahaifina da ɓarin jikinsa ya shanye. Wani ya ce zai sayar mana da hula mai wayoyi da za ta tayar da shi. Mu saya? Ni kuma ta ina zan fara?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ba sai ka zama likita ba. Ka ƙware a tace sigina, ka iya yaren kwamfuta na Python, ka sauke bayanan EEG (siginar lantarkin ƙwaƙwalwa da ake ɗauka a fatar kai) na kyauta a shafin intanet na PhysioNet ka yi ta gwaji. Yawancin aikinmu kokawa ce da hayaniya, don siginar da ake ɗauka a fatar kai ba ta da ƙarfi, ƙifta ido ma binne ta yake yi.

Hular nan kuwa, kada ku ba da ko sisi. Wallahi na gaji da wannan magana. Abin da muke ƙerawa ba ya gyara jijiyar da ta mutu. Sauraron sashen motsi na ƙwaƙwalwa yake yi, ya kintaci nufin mutum, ya miƙa wa kwamfuta. Noland Arbaugh, wani mai shanyewar jiki da kamfanin Neuralink ya dasa wa na'urarsa mai siraran zaruruwa 64 a ƙwaƙwalwa a Janairun 2024, ya buga wasan dara na Turawa a kwamfuta da tunaninsa, amma a keken guragunsa yake zaune. Bayan 'yan makonni ma zaruruwa da yawa suka zame, sai da injiniyoyi suka sake tsara manhajar. A 2023 masu bincike a Stanford sun sa wata mai cutar ALS (cutar jijiyoyi da ta hana ta magana sosai) ta fitar da kalma 62 a minti, da wayoyi daga kanta zuwa kwamfuta. Duk gwaji ne, bayan tiyata. To wa ya ba mai tallan nan abin da waɗannan ba su da shi?

Akwai dai na'urar IpsiHand, wadda FDA, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da ita a 2021, amma atisayen hannu take taimakawa, kuma likita ke rubuta ta.

Abin da ke ƙona min rai, da an sayi irin hular nan sai a daina kai mara lafiya gashi, a ajiye maganin hawan jini, alhali watannin farko ne jiki ya fi karɓar atisaye. A sayar da gona, a zauna jiran hula! Ku ci gaba da kai Baba asibiti. Mai hular kuma ka ce ya nuna maka lambar rajistar NAFDAC da sunan asibitin da aka gwada ta.