Hukuncin Raunata Idon Dabba Domin Binciken Maganin Makanta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai bincike a kan retina, wato tantanin da ke can bayan ido mai karɓar haske. A ɗakin gwaji mukan raunata wannan tantani da gangan a idon kifin zebra (wani ɗan ƙaramin kifi mai ratsi-ratsi a jiki) da na ɓera, ta hanyar haske mai tsanani ko tsinin allura, domin mu ga yadda yake warkewa. Zuciyata ba ta natsu ba. Shin ya halatta?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, wannan rashin natsuwa da kake ji alheri ne, domin asali dai cutar da dabba haramun ne. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana a mayar da abu mai rai abin gwada harbi, kuma ya la'anci wanda ya yi wa jaki lalas a fuska. Ido kuwa a fuska yake, saboda haka lamarinka ya fi sauran gwaje-gwaje nauyi.

Sai dai abin da aka hana shi ne azabtarwa don wasa, ko a inda akwai mafita, kamar lalas da ana iya yinsa a wani wuri a jiki. Naka aikin ba haka yake ba, domin babu yadda za a san sirrin warkewar retina ba tare da an duba retina ba. Masana sun tabbatar cewa idan ta lalace a idon kifin zebra, wasu ƙwayoyin halitta da ake kira ƙwayoyin Mula sukan koma tamkar sababbi, su rarrabu, su maye gurbin waɗanda suka mutu cikin 'yan makonni, har kifin ya ci gaba da gani. A idon ɗan Adam da na ɓera akwai waɗannan ƙwayoyi, amma tabo suke barin wa idon, ganin kuma ya tafi ke nan. Gano dalilin wannan bambanci neman magani ne, kuma Bukhari ya ruwaito cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta.

Don haka abin da ya rinjaya a wurina shi ne halacci, bisa ƙa'idar cewa larura gwargwadonta ake auna ta. Wajibi ne a sa dabbar barci kafin a taɓa idonta, kifi ma haka, kada a ce ai ba ya kuka. Kada a wuce adadin da binciken yake bukata, kuma duk tambayar da ƙwayoyin halittar da ake renonsu a faranti a ɗakin gwaji za su amsa, bai halatta a raunata mai rai dominta ba. Idan wahalar dabbar ta tsananta, a gaggauta kashe ta ta hanya mafi sauƙi, saboda hadisin Shaddad ɗan Aus cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai. Maimaita gwajin da an riga an san sakamakonsa don kawai a samu takardar shaida kuwa, ban ga hujjarsa ba.

Allah ne mafi sani.