Ɗiyata tana fashin makaranta saboda ciwon mara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗiyata shekararta 14, tana kwaleji, bara ta fara ganin al'ada. Duk wata sai ta yi kwana biyu kwance tana murƙususu har da amai, ba ta zuwa makaranta. Wani sa'in kuma jinin ya tsallake wata. Kakarta tana jiƙa mata jar kanwa, ta ce in ta yi aure zai bari. Yaya zan yi? Daga wata uwa a unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Ciwon nan ba raki ba ne, kuma yana da magani tun yanzu, ba sai an jira aure ba. Idan jini zai zo, mahaifa tana fitar da wani sinadari, furostagalandin, mai sa ta matsewa. In ya yi yawa sai mara ta murɗa, ciwon ya sauka baya da cinyoyi, amai ko zawo su biyo.

Ibuprofen yana hana jiki yin wannan sinadari, shi ya sa lokacin shansa ya fi komai muhimmanci. Yawancin ƴan mata sai ciwo ya kayar da su suke neman magani, alhali sinadarin ya riga ya taru. Ta sha ƙwaya mai miligiram 400 da zarar ta ji mara ta fara nauyi ko ta ga ɗigon farko, ta maimaita duk bayan awa 8, da abinci a cikinta, kwana 2 zuwa 3. Idan tana da gyambon ciki, ciwon ƙoda ko asma, kada ta sha sai likita ya yarda. In tana da ɗaya daga cikinsu, farasitamol ya fi mata. Kada a haɗa ibuprofen da diclofenac, maganin ciwo irinsa, kada a ba ta asfirin don yana ƙara zubar jini. Tramol na masu tallar magani a titi kuwa, don Allah a nisanta ta da shi, yana kama jiki ya zama jaraba. Kanwar ma a lallashi kaka ta ajiye. A zuba ruwan ɗumi a gora, a naɗe da zane, ta ɗora a mara.

Tsallaken wata a shekaru biyu ko uku na farko ba abin tsoro ba ne. A shekarunta, tazarar kwana 21 zuwa 45 daidai ce. Ta riƙa rubuta ranar zuwansa da ranar ɗaukewa a bayan littafinta.

Ku kai ta wurin ungozoma a asibitin unguwa idan jinin ya wuce kwana 7, ko tana canza auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko ta yi kwana 90 bai zo ba, ko akwai zazzaɓi da ruwa mai wari, ko an yi wata uku ana shan maganin yadda muka faɗa ciwon bai sassauta ba. Ki janyo fatar idonta ta ƙasa ki duba: in ta yi fari, ga jiri da kasala, a auna jininta. Hanta, wake da zogale suna taimakawa wajen ƙara jini, amma ta daina shan shayi nan take bayan cin abinci, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe.