Fatawa: Ƙona turare a mazubin katako, da kunna shi daren Juma'a

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matar aure ce a Aboabo, nan Kumasi. Na sayi wani dogon katako a kasuwar Kejetia, mai ɗan rami da ake soke turaren tsinke, an sassaƙa giwa a kansa. Ina kunna shi duk daren Juma'a, domin uwar mijina ta ce yana korar aljanu. Wani lokaci nakan ɗora garwashi a kai in zuba turaren wuta. Maigidana ya ce kayan bautar Indiyawa ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, turara gida halal ne, abin so ne ma. Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yakan yi turare da itacen al'ul, wani lokaci ya haɗa da kafur, ya ce haka Manzon Allah (SAW) yake yi. Cikin malaman Imam Malik akwai Nu'aimu wanda ake wa laƙabi da Almujmir, sunan da ya samo asali daga turara masallacin Madina. Mazubin kuwa kayan aiki ne, asalinsa halacci, na katako ne ko na yumɓu ko na ƙarfe. Na zinariya da azurfa ne aka hana. Don wasu suna kunna turare a gaban gumaka, wannan bai haramta shi ga mai neman ƙamshi ba.

Amma maganar maigidanki ba a banza take ba. Ki duba sassaƙar da kyau. Idan giwa ce cikakkiya mai jiki da inuwa, malamanmu na Malikiyya sun haramta irinta, sai a cire kan da wuƙa, a goge wurin. Idan zane ne shafe a jikin katakon, makaruhi ne, barinsa ya fi. Idan kuma mutum ne mai kan giwa, wannan gunki ne da ake bauta wa, kada ya kwana a ɗakinki.

Abin da ya fi damuna shi ne niyyar. Babu aya, babu hadisi ingantacce da ya ce hayaƙi yana korar aljani, ko daren Juma'a yana da turare na musamman. Wanda ya ƙona don ƙamshi kafin karatun Alƙur'ani ko zuwan baƙi, ya yi daidai. Wanda ya ɗauka hayaƙin ne ke tsare gida, ya riƙi sababin da shari'a ba ta sanya ba. Wanda kuwa ya ƙona don faranta wa iskoki, kamar yadda 'yan bori ke yi, ya nufi wanin Allah da ibada, wannan shirka ce. Abin da ya tabbata shi ne Shaiɗan yana gudun gidan da ake karanta Suratul Baƙara, da ambaton sunan Allah lokacin shiga gida da rufe ƙofa. Ki faɗa wa surukarki wannan da ladabi, uwa ce, kuma alheri take nufi.

Sai batun wuta. An yi wannan katako don tsinke kawai. Ɗora masa garwashi kuskure ne: zai ƙone ta ƙasa a hankali ba a gani, fentin jikinsa kuma ya fitar da hayaƙi mai cutarwa. Garwashi sai a kaskon ƙasa, ko mazubin da aka shimfiɗa wa ƙarfe, a fara zuba yashi ko toka kaurin yatsa biyu. Tsinken ma a soke shi a karkace yadda tokar za ta zubo cikin kwarin katakon, a ajiye a kan faranti ko siminti, nesa da labule, katifa da gidan sauro. Kada a sa shi gaban fanka, iska na kwashe tartsatsi. Da hunturu katako kan bushe ya tsage, ramin ya saki tsinken, to a sauya shi. A bar taga a buɗe, domin garwashi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da an ji wari ba, kuma a nisanta hayaƙin daga jarirai da masu asma.

Kada ki kwanta yana ci. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da dare a Madina, sai Annabi (SAW) ya ce wutar nan maƙiyiyarku ce, idan za ku yi barci ku kashe ta. A gidajenmu na zango ɗaki jikin ɗaki yake, sakacin mutum ɗaya haƙƙin maƙwabta da yawa ne.

Idan kina azumi kada ki shaƙi hayaƙin da gangan, domin a mazhabarmu in ya kai maƙogwaro sai an rama ranar. Kuma macen da turare ya kama tufafinta ba ta fita masallaci da shi, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira game da sallar isha'i.

Wallahu a'alam.