Fatawa: In tsallake dattijon da ya daɗe a aiki, in ba yaro muƙami?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni tsohon soja ne, na yi shekara 22 cikin kaki kafin in yi ritaya. Yanzu ina riƙe da sashen gyaran injuna a wata masana'anta a Kakuri. Mataimakina zai ajiye aiki ƙarshen wata, an ba ni fom in cike rahoto a kan mutum biyu, in faɗi wanda ya dace da kujerar. Wanda na nuna, kusan shi kamfani zai ɗauka.

Na farko dattijo ne, shekararsa 16 a wurin, shi ke ja mana Azahar, 'ya'yansa tara, kuma ƙanin surukina ne. Ba ya sata, ba ya latti. Amma da zarar inji ya tsaya sai ya ruɗe, yara kuma ba sa jin maganarsa. Watan jiya yana aikin dare ya kira ni har sau huɗu, murya na rawa. Na biyun shekararsa 6, Kirista ne daga Kudancin Kaduna. A daren nan shi ya buɗe akwatin wuta, ya gano wayar da ta ƙone, ya raba wa yara aiki, kafin kiran assalatu inji ya tashi.

Surukina ya zo gida bayan Isha ya ce mini naka sai naka, washegari aka aiko da buhun shinkafa. Wasu a masallaci sun ce haramun ne in ɗora wanda ba Musulmi ba a kan Musulmi. Ni kuma a bariki na saba ba a tsallake na gaba. Malam, in na ƙara wa dattijon maki don ya samu, na yi laifi?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, bisa abin da ka bayyana, bai halatta ka ƙara wa dattijon makin da ka san bai kai ba, kuma wajibi ne ka nuna wanda ka fi ganin zai iya aikin. Shinkafar nan ka mayar da ita.

Shugabanni da yawa suna ɗaukar ƙarin girma kamar goron da ke aljihunsu, su miƙa wa wanda suka ga dama. Da da kuɗinka za a biya albashin, da ba mai hana ka kyauta. To kujerar ta kamfani ce, kai wakili ne, fom ɗin da ke kan teburinka kuma shaida ce da aka nema daga gare ka domin kai ka gani, su ba su gani ba. Karanta aya ta 135 a Suratun Nisa'i a tsanake. Allah ya ce ku tsaya da adalci, ku yi shaida domin Allah ko da a kan kanku ne, ko iyaye, ko dangi na kusa. Sai ya ƙara da cewa ko mawadaci ne ko matalauci, Allah ne ya fi ku cancantar kula da su. Ƙofofi biyun da zuciyarka ke neman bi ta cikinsu, zumunta da tausayin mai 'ya'ya tara, su ne ayar ta ambata da suna ta rufe. Wanda ya halicci yaran nan tara ya fi ka tausayinsu, bai kuma rataya abincinsu a kan ƙaryarka ba.

Kada ka ji tsoron cewa rubuta raunin mutum giba ce. Fatima bint Ƙais ta je wa Annabi (SAW) da shawarar masu neman aurenta biyu, ya faɗa mata aibin kowanne a fili, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Wanda aka nemi shawararsa amintacce ne. Sharaɗi shi ne ka tsaya kan abin da ya shafi aiki, ka rubuta shi gwargwadonsa, ba ƙari ba ragi.

Ma'aunin da Alƙur'ani ya ba mu na ɗaukar ma'aikaci yana Suratul Ƙasas aya ta 26: mafi alherin wanda za ka ɗauka shi ne mai ƙarfi, amintacce. Ƙarfi a kowane aiki da irin nasa. Na alƙali ilimi ne, na kwamanda jarumta da dabara, na mataimakinka kuwa sanin inji da iya tafiyar da mutane lokacin da hankali ya tashi. Yawan sallah da kyan hali suna cikin amana, amma ba sa cike gurbin ƙarfi. Wa ya kai Abu Zarr gaskiya da gudun duniya? Duk da haka da ya nemi a ba shi aiki, Annabi (SAW) ya dafa kafaɗarsa ya ce masa kai mai rauni ne, ita kuwa amana ce, kuma ranar Ƙiyama wulaƙanci ce da nadama, sai ga wanda ya karɓe ta da haƙƙinta ya sauke abin da ke kansa. Hadisin yana cikin Muslim. Dubi yadda aka yi: an dafa shi, an gaya masa gaskiya ido da ido, ba a ba shi ba, darajarsa kuma ba ta ragu da komai ba.

Batun daɗewa kuwa, tarihin sojan Musulunci na farko ya isa amsa. Amru bin Asi ya musulunta a shekara ta 8 bayan Hijira, a shekarar nan aka ba shi rundunar Zatus Salasil, aka turo masa ƙarin dakaru cikinsu har da Abubakar da Umar, suka bi shi sallah. Usama bin Zaid bai wuce shekara 20 ba aka ɗora shi a kan rundunar da ke da manyan Muhajirai. Mutane suka yi ƙorafi, irin wanda za ka ji a sashenka, Annabi (SAW) ya ce in kun soki shugabancinsa, ai kun soki na mahaifinsa a baya, alhali ya cancanta. An kuma tambayi Imam Ahmad game da kwamandoji biyu, ɗaya ƙaƙƙarfa mai saɓo, ɗaya salihi mai rauni. Ya ce ƙarfin na farko na Musulmi ne, saɓonsa na kansa. Salihancin na biyu na kansa ne, rauninsa kuma a kan Musulmi zai faɗa. A fita da ƙaƙƙarfan.

Wannan ba ya nufin shekara 16 banza ce. Umar da ya tsara rajistar albashi, ya fifita waɗanda suka riga shiga Musulunci, ya ba mutanen Badar fiye da na bayansu, amma bai ce dole kowane ɗan Badar ya ja runduna ba. Ka ga ke nan haƙƙin daɗewa daban, riƙon ragama daban. Da mutanen biyu sun yi kunnen doki a iya aiki, da na ce ka ba dattijon, domin daɗewa tana rinjayarwa idan aka yi daidai.

Abin da ka saba a bariki ma, in ka tuna da kyau, ba shekaru kaɗai ake ƙirgawa ba. Hafsan da ya fito daga makarantar horar da hafsoshi ta NDA da aka kafa a nan Kaduna a 1964 sai ya ci jarrabawar ƙarin girma kafin ya tashi daga laftana zuwa kyaftin, daga kyaftin zuwa manjo. Sai ya je kwas a Jaji, a kwalejin da aka buɗe a 1976, kuma rahoton da kwamandansa ke rubutawa a kansa yana cikin abin da kwamitin ƙarin girma ke dubawa. Kai ma ka san 'yan kwas ɗaya ba sa isa janar tare. Al'adar nan ta cewa in an naɗa shugaban rundunar soja sai waɗanda suka girme shi a aiki su yi ritaya, ita kanta shaida ce cewa ana tsallakewa. Inda doka ta ce a bi jerin daɗewa, a bi, domin Musulmi suna kan sharuɗɗan da suka ƙulla. Amma babu dokar da ta ce kwamanda ya rubuta "gwani" a kan wanda ya san zai ruɗe in an buɗe wuta. Wanda ya yi haka, aka tura mutumin da yaran mutane dajin Birnin Gwari, yana da kamasho a duk abin da ya biyo baya. Inji ma yana cin hannu, yana cin rai.

Sai maganar 'yan masallaci. Allah ya saka musu da kishin addini, amma sun ɗauki hukuncin wani wuri sun kai wani wuri. Abin da malamai suka sharɗanta Musulunci a cikinsa shi ne irin limanci, da alƙalancin shari'a, da shugabancin al'ummar Musulmi. Kula da injuna aikin ƙwarewa ne da ake biya a kansa. A tafiyar Hijira, wadda babu tafiyar da ta fi ta hatsari, Annabi (SAW) da Abubakar sun ɗauki ɗan jagora daga Banu Dil wanda yake kan addinin Ƙuraishawa, suka ba shi amanar raƙumansu da sirrin hanyarsu saboda ya san hanya kuma sun amince da shi. Buhari ya kawo wannan. Babban malamin fiƙihu Mawardi ma ya halatta wanda ba Musulmi ba ya riƙe wazircin zartar da umarni. Kuma kamfanin bai ɗauke ka a kan sharaɗin ka tace ma'aikata da addini ba, shi ma yaron ba a kan haka ya shiga ba. Aya ta 8 a Ma'ida ta hana ƙin wasu mutane ya kai mu ga rashin adalci, to ina ga wanda ba abin da ya yi maka sai tashin inji da tsakar dare? Mu mutanen Kaduna mun fi kowa sanin abin da "namu" da "nasu" suka jawo mana. Ka kuma tuna akwai wani ɗan Musulmi a wani ofis a Sabon Tasha ko Fatakwal da takardarsa ke hannun wanda ba Musulmi ba, kuma abin da kake so a yi masa ka sani.

Sai dai ina ja maka kunne a kan abu guda. Dare ɗaya ba ya isa hukunci. Koma ga littafin aiki na shekara biyu ko uku, ka ga sau nawa inji ya tsaya a hannun kowannensu da tsawon lokacin da ya ɗauka. Ka binciki amanar yaron kamar yadda ka yabi ƙarfinsa: kayan gyaran da ke fita daga sito ta hannunsa suna cika? In ka samu yana da hannu, hukunci ya canza, domin ƙarfi ba amana ɓarna ce mai sauri. A lokacin sai ka rubuta gaskiyar su biyun, ka gaya wa kamfani a nemo na uku.

Shinkafa kuwa, hadisin Ibnul Lutbiyya ya gama magana. An aike shi karɓar zakka, ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi (SAW) ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa? In surukinka ya saba aiko da shinkafa duk shekara a irin wannan lokaci, wannan zumunci ne. In kuwa ba ta taɓa zuwa ba sai washegarin maganar fom, kai ma ka san sunanta. Ka kai ta da kanka, da ladabi, kada ka aiki yaro.

Akwai kuma inda nake ganin laifinka ne, ka yi haƙuri. Shekara nawa dattijon nan yana ƙarƙashinka yana ruɗewa, sau nawa ka zaunar da shi ka gaya masa? Ka taɓa tura shi kwas? Ka taɓa tsayawa a bayansa ka bar shi ya warware matsala da kansa, ko kullum sai ka karɓe sifana daga hannunsa? Ni ma na taɓa yin wannan kuskure a wata Islamiyya da na riƙe. Shekara da shekaru ina jin kunyar gaya wa wani malami cewa yara ba sa fahimtar karatunsa. Ranar da aka ba wani shugabancin makarantar, malamin nan ya zo ya same ni a zaure, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Malam, da ka gaya mini tun tuni ai da na gyara." Ban sami abin ce masa ba. Renon na ƙasa yana cikin kiwon da za a tambayi shugaba a kansa. Annabi (SAW) ya ga basirar Zaidu bin Sabit yana yaro, ya sa shi ya koyi rubutun Yahudawa, kuma shi ne daga baya Abubakar ya damƙa wa aikin tattara Alƙur'ani.

Saboda haka kafin ka miƙa fom ɗin, ka kira dattijon ku kaɗai, ka gaya masa abin da za ka rubuta da dalilinsa, kada ya tsinci labarin a bakin 'yan shayi. A cikin rahoton ka rubuta amanarsa da kiyaye lokacinsa da shekarunsa 16 da irin ƙarfin da ka rubuta rauninsa, ka nema masa ƙarin mataki a albashi, ko a ba shi riƙon sito inda gaskiyarsa ita ce jari. Wannan ceto ne mai kyau da ake samun lada a kansa, domin ba haƙƙin kowa ka taɓa ba. Shi kuma yaron, in ya samu, ka gaya masa ya girmama furfurar da ke ƙarƙashinsa, ka kuma ɗora masa koya wa na bayansa abin da ya sani.

Surukinka zai yi fushi, wataƙila har ya kai ga mai ɗakinka. Ka riga shi yi mata bayani. Ka ci gaba da zuwa gaishe shi kamar da, in kana da hali ka ɗauki kuɗin makarantar ɗaya daga cikin yaran dattijon daga aljihunka.

Wallahu a'alam.